Rahoton kwamitin gyaran ɗakin taro na bakin tasha

Assalamu alaikum jama'ar gari, na gida da na waje. Kwamitin da kuka ɗora wa gyaran ɗakin taronmu na bakin tasha ya gama aiki, mun miƙa wa mai girma dagaci makulli, shi ne aka ce ni sakatare in rubuto yadda abin ya kasance musamman saboda 'yan'uwanmu na Kano da Legas da Fatakwal da suka yi ta turo kuɗi ba su ga ko bulo ɗaya da idonsu ba.

Kowa ya san abin da damina ta 2022 tai mana a Jigawa. Ruwa ya kwana da kwanaki a gindin ginin, bangon gabas ya jiƙa ya zauna, kwanon kuwa dama ya daɗe da zama rariya, jemagu sun mai da silin gidansu, in ka shiga warin kashinsu kaɗai ya ishe ka. A zaman farko matasa suka ce a rushe kawai a yi sabo da bulo, dattawa suka ce sam, kuma ni kaina wallahi a lokacin ina bayan matasa. Sai da muka ɗauko wani tsohon magini ya ƙwanƙwasa bangon ko'ina ya ce ukun nan lafiyarsu lau, kaurinsu ya kusa kamu biyu, na gabas ɗin ne kawai sai an sauke shi har ƙasa, sannan gardama ta kwanta.

Yara da yawa sun ɗauka tun asali ɗakin taro ne, a'a, siton gyaɗa ne. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, daga baya aka ja layi ta Ringim da Malam Madori har Nguru a 1930, kuma wannan layin ne ya raya garuruwa irin namu da ke bakinsa. Da kaka manoma su sheƙe gyaɗa su ɗoro wa jakuna, a auna a sikeli a ƙofar siton nan, 'yan baranda na gefe suna ciniki, a ɗinke buhu a jibge har tarago ya zo ya kwashe zuwa Kano, inda manyan attajirai irin su Alhassan Ɗantata suka yi suna da dalar gyaɗa. Wani dattijo da yai lebura a wurin yana saurayi ya nuna mana ƙugiyar da ake rataye sikelin, tana nan maƙale a ƙarfen saman ƙofa, ya ce har yanzu in ya wuce wuyansa na tuna nauyin buhu. Muka hana kafinta ya cire ta. Fenti ma ba mu shafa mata ba.

Fari na 1973 ya zo, shekara biyu bayansa cutar da ke nannaɗe ganyen gyaɗa ta gama da sauran, sito ya zama fanko. Daga nan ne gari ya karɓe shi, aka riƙa ajin yaƙi da jahilci da daddare da fitilar ƙwai, iyayenmu da yawa a nan suka fara rubuta sunansu da boko, aka yi rigakafi a ciki, aka raba taki, aka sasanta manoma da makiyaya ba sau ɗaya ba, kuma waɗanda suka girme ni sun ce ran da aka sanar da ƙirƙiro jihar Jigawa a watan Agusta 1991 a ƙofar nan aka taru ana sauraron rediyo ɗaya.

To aikin kansa. Mun fara tara kuɗi daidai lokacin canjin kuɗi na farkon 2023, mutum na da niyya amma ba takardar kuɗi a hannu, wasu sai suka kawo gero da riɗi muka kai kasuwa. Ana cikin haka aka cire tallafin mai a watan Mayu, kuɗin tifar yashi ya tashi, farkon 2024 kuma buhun siminti ya haura dubu 10, lissafin da mukai tun farko ya zama takardar banza, dole muka tsaya wata da watanni, masu cewa kwamiti ya cinye kuɗi mun ji, ba mu ce komai ba.

An sauke bangon gabas an sake ɗora shi da bulo a kan sabon tushe, an ɗaga daɓe ya fi ƙasar waje tsawo, an yi magudana ta bayan gini ta yadda ruwa zai bi ya faɗa kududdufi. An canja katakon da gara ta ci, sabon kuma an shafe shi da baƙin mai. Kwano sabo ne gaba ɗaya, duk da wanda muka fara saya a wurinsa ya kawo mana mara kauri, sai da muka mayar aka yi ta ja-in-ja kafin ya canja, ba zan faɗi suna ba. An yi filasta da fenti, tagogi na ƙarfe, an sa sola da batir da ƙwai da fanka. Haƙa tushe da jidar yashi da kwaɓa duk aikin gayya ne, unguwa unguwa, mata kuma su ne ɗebo ruwa da kunu da ɗanwake, kuma in don ta ni ne sunansu ya kamata a fara rubutawa a bango kafin na masu manyan alkawura da har yau ba mu ga cikawa ba.

Abin da bai samu ba shi ne banɗaki da kujeru, yanzu tabarmi ne da benci na aro daga firamare. Lissafin shiga da fita da rasiɗai duk suna wurin ma'aji, kwafi kuma na manne a jikin ƙofa, mai tambaya ya zo ranar Juma'a bayan la'asar za mu zauna a ciki. Sannan dan Allah duk wanda ke da tsohon hoton tasha ko na sito, ko rasiɗin gyaɗa na kakansa a cikin adaka, ya ara mana mu ɗauki hoto mu mayar masa, mun bar bangon yamma fari saboda su.