Wasiƙa Zuwa ga Uwata a Jidda

Uwata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina cikin ƙoshin lafiya, mahaifiyarki da ƙannenki duk suna gaishe ki. Takardar neman aikin asibiti da kika rubuta da Turanci kika turo mini ta WhatsApp, na sa ƙaninki ya bugo mini ita, na zauna da jan biro bayan sallar Isha na bi ta layi-layi.

Kalmomi kam kina da su, har da na likitanci waɗanda ni ban taɓa ji ba. Abin da na lura da shi shi ne Larabcin makaranta da Hausar gida suna leƙowa ta ƙarƙashin Turancinki, kuma kusan duk inda na ja layi, ɗaya daga cikinsu ne ya ja ki.

Tun a layi na uku kin rubuta "I ready to start". A Larabci mubtada da habar (wanda ake magana a kansa da abin da aka faɗa game da shi) sun wadatar, ki ce "ana jahiza", wato "a shirye nake", magana ta cika, amma Bature ba ya barin jimla babu fi'ili, dole sai "am" ko "is" ko "are" ta shiga tsakani. Daga baya kuma, kamar wadda ta tuna an taɓa yi mata wannan gyara, sai kika zarce kika ce "I am agree", alhali "agree" fi'ili ce da kanta, ba ta neman ɗan rakiya.

Wanda ya fi ɗaukar hankalina shi ne "the patients that I helped them". Ban ga laifin kunnenki ba da bai ji ɓaracin wannan jimla ba, domin harsunanki biyu duk sun ba ta goyon baya: Larabci yana dawo da lamiri ya ce "alladhina sa'adtuhum", mu ma a gida cewa muke yi "majinyatan da na taimaka musu". Idan shaidu biyu suka haɗa baki, da wuya alƙali ya yi shakka. To, a Turanci kalmar "that" ta riga ta tsaya a madadin majinyatan, saboda haka "them" maimaici ne, sai a cire ta. Sau huɗu na ci karo da irin wannan a shafi guda, shi ya sa nake so ki fara da shi kafin kowane gyara.

Haka nan "I study nursing since four years" daga "mundhu" ta Larabci ta fito, wadda ke ɗaukar tsawon lokaci da mafarinsa gaba ɗaya. Turanci ya raba su: "for four years", amma "since 2021", kuma fi'ilin ya koma "I have been studying". Su kuwa "informations" da "advices", ki sauke musu "s", ki kai ta inda kika hana ta, wato "the doctor checks".

Kada ki ɗauka mahaifinki daga sama ya faɗo da waɗannan. Shekarar da na fara aiki a wani otal kusa da Harami, na raka wani dattijo alhaji daga Ingila ɗakinsa, na ajiye masa jaka, na tambaye shi cikin ladabi, "Shall I open the light?" Ya dubi fitilar, ya dube ni, ya yi murmushi ya ce ai ba sai na kwance ta ba, "switch on" kawai ya isa. "Iftah an-nur" ta Larabci, wato "buɗe fitila", na ɗauko na sa mata rigar Turanci. Daren nan na sayi ƙaramin littafi, duk gyaran da baƙo ya yi mini sai na rubuta kuskuren a dama, daidai a hagu, har ya cika.

Ki yi irinsa, musamman tunda kina shirin jarrabawar Turanci ta IELTS, inda rubutu da magana kowanne da makinsa daban, kuma mai dubawa yana lura da nahawu. Idan kin gama rubutu, ki sake karanta shi da ƙarfi kina neman kuskure iri ɗaya tak a kowane zagaye.

Yayanki zai shigo Jidda ranar Asabar a jirgin ƙasa na Haramain, zan ba shi takardar da jan bironta, tare da yajin da mahaifiyarki ta daka miki. Ki sake rubuta ta da hannunki, ki turo mini kafin ki miƙa wa asibitin.

Allah ya yi miki albarka.

Mahaifinki,
daga Makka