Zuwa ga ɗana a Gusau, kan muryar da aka kunna mini

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, muna nan Ƙaura lafiya, sai ƙafar innarka da ta sake tashi. Ƙanenka zai ɗauki hoton takardar nan ya turo maka, don in na kira ka a waya ba ka bari in kai aya.

Shekaranjiya bayan la'asar wani ya kunna waya a majalisa. Tun daga sallama na gane muryarka. Na ji ka ce Bafillace ko a goye yake maciji ne, kada a bar ko ɗaya ya shigo kasuwa. Mutane suna cewa yaro ya yi magana, ni kuwa na sunkuya ina laluben takalmi. An kuma ce kana tara kuɗin bindiga harba-ruga, kana zama da 'yan sa-kai har dare.

Ba kai za ka koya mini zafin abin ba. Baffanka cikinmu ɗaya, ni na ɗauko shi daga gona a amalanke, ni na yi masa wanka. Fadamar da ka sani ni na sayar aka fanshi yayarka, har da babur da katin waya suka nema a kai. Ina nan a 2021 aka kwashe 'yan matan Jangebe, ina nan aka yanke layukan waya, aka rufe kasuwannin mako, aka hana sayar da mai a jarka. Waɗanda suka yi mana wannan ɓarayi ne azzalumai, da yawansu Fulani ne, ban taɓa musu ba. Amma wa ke kai musu burodi da fetur daji? Wa ya nuna musu ɗakin da yayarka take kwana? Ka san shi, tare kuka yi makarantar allo, ko "jam" ta gaisuwar Fillanci bai iya faɗa ba.

Akwai abin da ban taɓa gaya maka ba. Bara ina dawowa daga Shinkafi aka tsayar da motarmu a shinge. Ba a tambayi kowa katin shaida ba, fuska kawai ake dubawa. Ni da hulata da Hausata aka ce "Baba sannu da hanya." Yaron da ke gefena, siriri mai dogon hanci, da ledar maganin dabbobi a cinyarsa, aka ce ya sauko. Ya riƙe hannun rigata. Na janye. Direba ya ja mota, takalminsa ɗaya na roba ya rage a ƙarƙashin kujera har muka iso tasha. Na gaya wa kaina ina da iyali, in na yi magana za a ce da bakina a ciki, kuma gaskiya ne za a ce. Duk da haka ba na iya sallar dare ban ji hannun nan a rigata ba. Ni da kai muna wuce shinge ne saboda kamannin da ba mu muka zaɓa ba, shi ma bai zaɓi nasa ba.

Abin da ke hana ni barci ke nan. Ko mutuwarka ba ta tsorata ni kamar wannan ba, Allah ya sani, don wanda aka kashe ana yi masa salla a yi haƙuri. Tsorona wata rana kai ne za ka leƙa tagar mota ka ce wa ɗan wani ya sauko. Jinin da bai ji ba bai gani ba, babu malamin da zai wanke maka shi, babu sadakar da zan yi ta ɗauke shi. In ka hau da shi wuyanka, da wace fuska zan tsaya gaban Allah in ce ni na rene ka?

Kuma kai har ka isa ka ce na goye? Kai da aka goya a ruga wata biyar lokacin jinyar innarka? Matar Arɗo ba nonon ƙwarya ta ba ka ba, na jikinta ta ba ka, kai gefe ɗaya ɗanta gefe ɗaya. A shari'a ɗan'uwanka ne, ƙannensa mata sun haramta gare ka. Yanzu ba mu san inda suke ba. Ɓarayin daji suka fara kore musu shanu, da suka shigo gari neman mafaka kuma aka ce 'yan leƙen asiri ne. Baffa da kawu da goggo da kake kira tun kana rarrafe, je ka tambayi masana daga wane harshe muka aro su. Ka zubar da mu, wallahi.

Na san za ka ce ai ni ma na noma burtali. Na noma. Mai gari ya ba ni, na biya, kuma bakuna tara nake ciyarwa a lokacin. Kowa ya ci, har hanyar mashaya aka toshe, shanu suka rasa inda za su bi sai cikin hatsi, alƙali ya yi ta cin tara. Da can kuwa roƙonsu muke su sauka a gonarmu bayan girbi don taki, mu ba su dami. Ban ce wannan ya halatta jinin baffanka ba. Na dai ce na ga farkon abin da idona, kai tsakiyarsa ka tarar. An kashe Fulani a kasuwanni an ce maganin ɓarayi ake, sai aka wayi gari da harin ƙauyen 'Yargaladima a 2014, aka kashe mutum sama da ɗari a yini ɗaya. Tun daga nan ramuwa ke bin ramuwa.

In tsaron gari kake so, ban hana ka ba, namiji ne kai. Gwamnatin Zamfara ta ƙaddamar da Askarawa, dakarun tsaron gari, a 2024, ka zo mu zauna da kawunka mu duba. Amma ba da wannan zuciyar ba, kuma ba da yawuna ba muddin muryar nan tana yawo. Ka goge ta, ka yi wata ka ce ɓacin rai ne.

Innarka ba ta ji ba tukuna, na hana a kunna mata. Ka taho ran Juma'a da motar safe, kada ka yi yamma a hanya. Ka biya kemis ka sayo mata man zafin nan mai jan murfi, na nan ya ƙare. Ta ajiye maka daddawa.

Allah ya yi maka albarka, ya tsare hannunka.

Mahaifinka,
Ƙauran Namoda