Rahoton Kwamitin Gyaran Wutar Sola ta Masallacin Unguwarmu, Tudun Wada, Kaduna

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Kwamitin da jama'a suka ɗora wa gyaran wutar sola ta masallaci da Islamiyya yana sanar da iyayenmu da 'yan'uwa cewa aiki ya kammala. Fankoki da lasifika sun dawo, ajin dare ma ya ci gaba.

An ɗora solar nan ne bayan cire tallafin man fetur a 2023, da janareto ya fi ƙarfin asusun masallaci. Ta yi mana amfani ƙwarai, har ranar da ladan ya ji ƙaurin roba a ɗakin batir bayan Azahar. Kwamiti ya nemo ma'aikaci mai takardar shaidar hukumar NEMSA, wadda ke tantance masu aikin lantarki, ya hau rufi ya duba.

Abin da ya tarar ya tayar mana da hankali. Wayar da ta sauko daga farantan sola na kan rufi irin ta cikin gida ce, an shimfiɗa ta a kan kwano, rana ta gasa ta har ta tsattsage. An haɗa wasu wurare da hannu, aka naɗe da salatif. Cikin silin kuma ɓeraye sun ci rabonsu.

Muna roƙon masu sola a gidajensu su karanta wannan sashe da kyau. Faranti ba shi da makashi. Muddin rana na dukansa yana ba da wuta, ko an kashe inbata (na'urar da ke mayar da wutar sola irin ta gida), ko NEPA ta ɗauke. Farantanmu 8 ne a jere, kowanne yana ba da kimanin bolt 45, jimla wajen 360, alhali soket na gida 230 ne. Sannan wutar NEPA juyawa take yi sau 50 a sakan ɗaya, shi ya sa tartsatsinta kan mutu da kansa. Ta faranti hanya ɗaya take bi, idan ta sami tsaga sai ta riƙe tartsatsin kamar na mai walda, ga katakon rufi busasshe a ƙarƙashinta. Birekar da muka tarar a layin, wato na'urar da ke yanke wuta idan an sami matsala, ta wutar NEPA ce, ba a yi ta don yanke irin wannan wuta ba.

An cire tsohuwar waya gaba ɗaya, aka sa ta sola mai riɓi biyu da ke jure rana, cikin bututu. Mahaɗan duk an mayar da su na kamfani ɗaya, domin haɗa na wannan da na wancan kan kawo zafi. An sa makashin da ya dace tsakanin farantai da inbata, an kafa sandar tagulla a ƙasa tare da na'urar kariya daga tsawa, aka ɗaga farantai daga kwano don iska ta ratsa.

Batiran ruwa suna fitar da iskar haidirojin idan suna caji, mai saurin kamawa da wuta, amma namu a da a sito ɗaya suke da tabarmi da littattafan yara. Yanzu suna da nasu ɗaki mai taga biyu, da tukunyar kashe gobara mai hoda a bakin ƙofa.

Wasu daga cikin dattawanmu sun so a ƙaro batir da kuɗin saboda Tarawihi. Mun fahimci uzurinsu, zafin Kaduna cikin sahu ba wasa ba ne. Amma kwamiti ya ga bai dace a ƙara nauyi a kan wayar da ta fara narkewa ba, a ginin da yara ke cika safe da yamma. Bayanin shiga da fitar kuɗi da rasitai yana liƙe a allon sanarwa. Allah Ya saka wa duk wanda ya bayar da alheri.

Kada a tura yaro rufi ya share ƙurar hunturu. Idan aka ga hayaƙi, a fitar da mutane, a juya jan makashin da ke gefen inbata, a kira 'yan kwana-kwana, a kuma gaya musu akwai sola a rufi. Kada kowa ya watsa ruwa. Makullin ɗakin batir yana hannun ladan da na'ibi, kuma ma'aikacin zai dawo ya duba ƙusoshin farantai kafin iskar farkon damina.

Sakataren Kwamiti