Zuwa ga Ango, a Alƙahira

Assalamu alaikum.

Bayan dubun gaisuwa, ya karatu, ya amarya, ya zafin garin Fir'auna? Na ga saƙonka kan maganar filin Kawu, zan zo kanta a wata wasiƙar. Bari dai in fara sauke abin da ke bakina, don a gidan nan duk wanda na tara da zancen sai ya fara hamma.

Layin nan ya tsaya da ƙafarsa! Wanda ke kawo saƙo daga kwamfutar tasharmu ta auna girgizar ƙasa da ke kan dutse zuwa babban ɗaki, wanda ka ce sai na yi furfura kafin ya daina yankewa. To furfurar ta fito, amma shi ma ya daina.

Ka san Earthworm, tsohuwar manhajar nan ta tattara bayanan girgizar ƙasa da hukumar binciken ƙasa ta Amurka, USGS, ta fara tun farkon shekarun 1990. A tasha sashenta mai aika saƙo, export, ke zaune, ya buɗe ƙofa yana jira, a wajenmu kuma sashe mai karɓa, import, ke buga masa. Kowane saƙo yana tafe da shaida uku: cibiyar da ta aiko, sashen da ya haɗa shi, da irin saƙon. Duk na bi su ɗaya bayan ɗaya, lambobi sun dace. Adireshin IP daidai, lambar ƙofa daidai, katangar tsaro a buɗe. Amma layi ya haɗu, rubutun girgiza ya fara gudu a allo, kafin ka kurɓi shayi ya mutu, ya sake haɗuwa, ya sake mutuwa. Oga ya ce sabis ne. Ni ma da farko na zargi sabis, ka san halin ƙauye.

Ashe bugun zuciya ne. Ɓangarorin biyu suna aika wa juna ɗan gajeren saƙo lokaci-lokaci, kamar masu gadin dare da ke busa wa juna usur: in ka ji shiru ya wuce ƙa'ida, ka san da matsala. Wanda ya kafa na'urorin tun kafin zuwana ya sa namu ya riƙa busawa duk daƙiƙa 60, na tasha kuma ya ce in bai ji komai ba cikin 30 ya katse. Kowa yana bin umarnin da aka ba shi, ba mai laifi. Na mai da aikawa duk daƙiƙa 30, jira kuma 120, don sabis ɗin can yana da nauyin jiki. Layuka biyu kacal a cikin fayil. Abokin aikina Sarkin Barci yana gefe yana cin gyaɗa, wai shi dama ya san nan ne. Allah Ya shirye shi.

Af, ka ji ya sayi babur? Sabo dal, ja. Har yanzu bai cire ledar kujera ba, kuma ba ya ɗaukar kowa sai mai wankakkun kaya.

Sai daren Juma'a, 8 ga Satumban 2023. Ina ɗaki ni kaɗai ina kallon allo kawai don daɗin ganin layi bai yanke ba, inbata tana ta ƙara. Bayan sha ɗaya da kwata kaɗan, zaren da ke tafiya lafiya lau ya yi tsalle, ya cika allo da baƙi. Na ɗauka batir ne ya sake haukacewa, ko masu fasa dutse, sai na tuna ba mai fasa dutse da tsakar dare, kuma tasu ba ta jimawa haka. Wannan ta yi ta zuwa, kashi bayan kashi. Girgizar Maroko ce, mai ƙarfin maki 6.8, a tsaunukan Atlas kudu da Marrakesh. Ta auku 11:11, ta ratso Sahara ta iso mana cikin minti biyar da 'yan kai. Wallahi Ango, na yi kabbara don murna, ban san me ke faruwa can ba. Da safe labari ya fara fitowa, yanzu ana cewa mamata sun haura 2,900, yawancinsu a ƙauyukan Al Haouz masu gidajen ƙasa irin namu. Tun daga nan jikina ya yi sanyi. Allah Ya jiƙansu da rahama. Ku can kun ji wani abu, ko kana ta munshari yadda ka saba?

Na nuna wa Hajiya hoton a waya, ta ce mu dai Allah Ya tsare mu, ƙasarmu ba ta motsi. Na tuna mata girgizar Kwoi ta jihar Kaduna a 2016 da ta Mpape a 2018, lokacin da mutanen Abuja suka riƙa fitowa waje a firgice. Ta ce to ai wannan ba girgiza ba ce, gargaɗi ne. Ban ja da ita ba.

Yanzu Oga ya ɗau zafi, yana so mu jawo bayanan tashoshin waje ta SeedLink, wani tsarin aika bayanan girgiza ta intanet, daga cibiyar GEOFON ta Potsdam a Jamus, ƙofa 18000. Ni ina goyon baya, har na fi so tasharmu ma ta koma kansa. Shi in layi ya yanke yana riƙe lambar fakitin ƙarshe, ya ci gaba daga inda ya tsaya, export kuwa ma'ajiyarsa ƙarama ce, in yankewar ta daɗe sai ka tarar da giɓi. Kafin nan dai sai na hau dutse na duba eriyar GPS mai daidaita agogon tasha, don ina zargin agogon. Kuskuren daƙiƙa ɗaya yana iya kauce da lissafin inda girgiza ta auku wajen kilomita shida, sai mu ce Kwoi alhali wani ƙauye ne. Ga damina ta cinye hanyar, kuma mai jan babur ya ce shi ba ya shiga taɓo.

In za ka dawo hutu ka taho min da dabino, mai laushin, ba irin na bara da ya kusa cire min haƙori ba. Inna tana gaishe ka, ta ce kiranka ya yi wuya. Ka gaida amarya da kyau.

Naka,
Abokinka na kan dutse