Rahoton Ayyukan Shekara na Kwamitin Duba Bututu da Ingancin Ruwa

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe shugaba, iyayen ƙungiya, da sauran mambobi maza da mata.

Kamar yadda tsarin ƙungiya ya tanada, ga bayanin abin da kwamitinku ya gudanar a shekarar da ta ƙare. Albishir tukuna: hukumar da ke sa ido ta sabunta mana lasisin ban ruwa da ruwan ƙazanta da aka tace don a sake amfani da shi, wanda muka saba kira ruwan shunayya saboda launin bututunsa. Sai dai da kyar muka sha. Akwai abin da ya kusa sa a rufe mana layi gaba ɗaya, kuma da shi zan fara, tun kafin hankali ya tafi ga wasu abubuwan.

Kowa ya san gwajin rufe ruwa, wanda ke nuna ko layin sha da na shunayya sun haɗu a wani wuri, ko da yake ba kowa ke son ranarsa ba. Ana rufe ruwan sha daga mita, a zuƙe abin da ya rage a bututunsa, a bar ruwan shunayya a buɗe da ƙarfinsa, sannan a bi famfunan sha ɗaya bayan ɗaya ana murɗawa. Bai kamata ko ɗaya ya kawo ruwa ba. Daga nan sai a juya, a rufe shunayya a buɗe na sha, a duba ko bututun ban ruwa zai jiƙe. A gonar wani ɗan uwanmu, mun iso famfon da ke gefen rumfar ma'aikata, inda suke wanke hannu su cika gorunansu. Aka murɗa, ya yi tarin iska kamar yadda sauran suka yi, sai ruwa ya biyo baya. Muka ce ragowar bututu ce, a ba shi lokaci. Muna tsaye ruwan bai rage ba, allurar geji mai auna ƙarfin ruwa kuma ta ƙi sauka. A nan kowa ya yi shiru.

Da aka haƙa, sai ga wani guntun farin bututu da bai kai kamu biyu ba, da ƙaramin bawul, wato abin buɗe ruwa da rufe shi, a tsakiyarsa, ya haɗa layin sha da layin shunayya. Babu shi a taswirar gonar. Da aka tambaya, ashe watanni baya injin tura ruwan shunayya ya lalace, ƙananan shuke-shuke suka fara yaushi, sai wani ma'aikaci ya ja ruwan sha ya haɗa don ya ceci amfanin gona. Da aka gyara injin ya rufe bawul, ya mayar da ƙasa, ya manta. Bawul ɗin kuwa ya ci, ba ya rufewa sosai. Duk lokacin da injin ke aiki ƙarfin shunayya ya fi na sha, don haka ta nan yake bi ya shiga. Ma'aikacin bai yi don mugunta ba, a ganinsa ma ƙoƙari ya yi. Abin da ya tsare maƙwabta shi ne na'urar hana ruwa komawa baya da ke bakin mita, wadda aka gwada a farkon shekara aka canza mata roba.

Wasu sun ba da shawarar a yanke bututun a yi shiru, tunda ba wanda ya kwanta rashin lafiya. Kwamiti bai yarda ba, barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa. A ranar muka sanar da hukuma, aka cire haɗin, aka wanke layin sha da kulorin, aka hana shan ruwansa har sakamakon gwaji ya fito da kyau, ma'aikatan kuma aka kai su likita ya duba su. Jami'in hukuma ya sa aka maimaita gwajin a gabansa. Mai gonar ya ba da haɗin kai tun daga farko har ƙarshe, shi ya sa ba za a ji sunansa a bakina ba, kuma ina roƙon waɗanda suka sani su yi haka.

Ga wanda yake ganin mun cika tsanani, ya tuna garin Nokia na ƙasar Finland. A watan Nuwamba na 2007, bawul guda da aka bari a buɗe a matatar ruwan ƙazanta ya tura ruwan da aka tace cikin bututun sha na gari, dubban mutane suka kamu da gudawa da amai. Ƙasa ce mai injiniyoyi da kayan aiki, amma bawul ɗaya ya ishe ta. Saboda haka daga bana ƙa'idarmu ita ce bawul ba shinge ba ne, komai tsadarsa. Wanda yake buƙatar ruwan sha ya agaza masa idan shunayya ta yanke, sai ya zuba shi a tanki daga sama, ya bar sarari tsakanin bakin bututu da bakin tanki wanda ya kai ninki biyu na faɗin bututun. Ruwa ba ya tsallake iska ya koma baya.

A jihar Kalifoniya ta Amurka, inda aka fara amfani da bututu mai launin shunayya a shekarun 1980, dokar da suke kira Title 22 ta ce wuraren da ke da layi biyu, na sha da na shunayya, a duba su kowace shekara, a kuma yi gwajin haɗuwar bututu aƙalla sau ɗaya a shekara huɗu. A ganina shekara huɗu ta yi mana nisa, domin mu kullum cikin haƙa da sauya layi muke. Kwamiti na neman babban taro ya amince a riƙa yin gwajin duk shekara, da kuma bayan kowane aikin da ya taɓa bututun ƙarƙashin ƙasa.

Batun gwajin ruwa

Mun ci gaba da ɗaukar samfur a wurare biyu: inda ruwa ke shigo mana daga matata, da ƙarshen layi mafi nisa. Na bakin shigowa bai taɓa ba mu matsala ba. Na ƙarshen layi ne yake hawa da sauka, musamman lokacin zafi, idan ruwa ya kwana a tafkin ajiya kulorin ɗinsa ya gudu, tsuntsaye kuma suka yi nasu. An yi wa tafkin shinge, an kwashe gansakuka, an kuma rage kwanakin da ruwa ke zama a ciki.

Mambobi da dama sun tambaya me lambobin da ke kan takardar sakamako ke nufi. A jagorar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 1989, ruwan da za a ba amfanin gonar da ake ci ɗanye kada ƙwayoyin cutar bayan gida su wuce 1,000 a cikin mililita 100, ƙwan tsutsar ciki kuma kada ya wuce ɗaya a lita. A 2006 hukumar ta sake fasali, ta ce kada a dogara ga tacewa kaɗai, a jera shinge bayan shinge: tacewa, ban ruwa na ɗigo, dakatar da ruwa kwanaki kafin girbi, da wanke amfani da ruwa mai tsabta. Tarayyar Turai kuwa, a dokarta mai lamba 2020/741 da ta fara aiki ranar 26 ga Yuni 2023, ta kasa ruwan aji huɗu bisa yawan E. coli, wata ƙwayar cutar bayan gida, a mililita 100: ajin A kada ya wuce 10, B 100, C 1,000, D kuma 10,000. Ajin C ba a yarda a fesa shi kan abin ci ba, sai dai ɗigo ko wata hanyar da ruwa ba zai taɓa abin da za a ci ba. Na kawo waɗannan ne don a fahimci tunanin da ke bayan lambobin. Abin da ya ɗaure mu dai shi ne wanda ke rubuce a lasisinmu, kuma kwafinsa na ofis ga mai son karantawa.

Sau ɗaya ɗakin gwaje-gwaje ya dawo mana da samfur bai gwada ba, kuma laifinmu ne. An ɗauka da safe, ƙanƙarar kula ta narke a hanya, kwalaben suka isa da ɗumi bayan lokaci ya ƙure. Samfurin ƙwayoyin cuta yana son sanyi da gaggawa, cikin 'yan sa'o'i. Haka kuma kwalbar ba a ɗauraye ta kafin a cika, domin ɗan garin da ake gani a gindinta magani ne mai kashe kulorin, in babu shi kulorin zai ci gaba da kashe ƙwayoyin a hanya, sakamako ya fito fes alhali ƙarya ne. Yanzu mutum biyu ne kaɗai ke ɗaukar samfur, kuma an koya musu.

Ta fuskar gishiri, ma'aunin da muke samu yana cikin rukunin da littafin Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 1985 ya kira kaɗan zuwa matsakaici, wato tsakanin 0.7 da 3.0 a ma'aunin gishirin ruwa na dS/m. Wanda ya fara ganin farin ɓawo a gefen inda ɗigo ke sauka ya sanar da mu a auna ƙasarsa.

Toshewar ɗigo da sauran gyare-gyare

Ƙorafin da ya fi yawa a bana shi ne toshewar ƙofofin ɗigo. Ruwan shunayya na ɗauke da abincin shuka, abin da muke so ke nan, amma ƙananan halittun da ido ba ya gani ma suna so. Su ne ke yin wannan yauƙin mai santsi a cikin tiyo. Ranar da muka buɗe ƙarshen layuka a wata gona, abin da ya fara fitowa baƙi ne kamar ruwan kwata, da wari, sai da aka jima ya washe. Mai gonar ya ce tun da aka shimfiɗa tiyon bai taɓa buɗe ƙarshensa ba. Maganin ba shi da wuya: a riƙa buɗe ƙarshen layi ana kore datti, a wanke filta idan bambancin gejin gabanta da na bayanta ya kai kusan rabin bar a ma'aunin ƙarfin ruwa, a sa kulorin har a same shi a ƙarshen layi ba a bakin inji kawai ba. Masu amfani da asid don narkar da farar ƙasa, don Allah kada a haɗa shi da kulorin a mazubi ɗaya, iskar da ke tashi tana kisa.

An sauya allunan gargaɗi da rana ta cinye, an sake fentin murafan bawul, an cire famfunan da kowa zai iya ɗaura wa tiyo a kan layin shunayya aka sa masu buɗewa da makulli. An juya kawunan feshin da ke watsa ruwa kan hanya, masu feshi kuma sun koma yi da dare ko da asuba, lokacin da babu jama'a iska kuma ta kwanta.

Inda muka gaza

Littattafan rikodi. Jami'in hukuma ba ya fara zuwa gona, littafi yake fara buɗewa, kuma abin da ba a rubuta ba a wurinsa ba a yi shi ba. Mun tarar da littattafan da aka cike watanni uku a zama ɗaya, biro ɗaya, rubutu ɗaya, geji kullum lamba ɗaya. Ni da ba jami'i ba na gane, balle shi. Gara a bar gurbi a rubuta dalili.

Taswirar bututu ma ba mu kammala ba. Mun yi alkawarin sabunta ta ga kowace gona, ba mu kai rabi ba, domin tsofaffin layukan sai an bi su da haƙa, waɗanda suka shimfiɗa su kuma wasu sun bar aiki. Horon ma'aikata an yi shi sau biyu, amma masu gonaki ne suka cika ɗakin, waɗanda ke riƙe da shebur da sifana ba su zo ba. Bana a gonaki za a yi shi, a lokacin aiki.

Abubuwa uku ke jiran ƙuri'arku a babban taro: gwajin rufe ruwa duk shekara, dokar cewa ba a yanke ko haɗa bututu sai an sanar da kwamiti an sa a taswira, da sayen geji da na'urar auna kulorin na ƙungiya don masu aro. Bayanin kuɗin da aka kashe yana cikin rahoton ma'aji. Jadawalin dubawa na sabuwar shekara yana manne a ofis, wanda ranarsa ta ci karo da girbi ya zo a sauya masa tun yanzu.

Wassalam.

Sakataren Kwamiti, a madadin mambobinsa