Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga Babban Daraktan BBC kan shirin Top of the Pops

Yallaɓai,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Da Hausa na rubuto maka, kuma ban ga dalilin ba da haƙuri ba. Gidan da kake shugabanta yana magana da wannan harshe tun ranar 13 ga Maris, 1957, don haka ba za ka rasa mai karanta maka ba. Da muryar gidanku na tashi. Mahaifina ba ya karya kumallo sai ya ji abin da Landan ta ce, kuma in gardama ta kaure a ƙofar gida, da "ai BBC ma ta faɗa" ake rufe ta. Yau ga ni a Mancesta sama da shekara ashirin, ina biyan kuɗin lasisin talabijin duk shekara, wanda ya kai fam 174.50 a 2025. Wanda ya zuba kuɗinsa a asusu yana da bakin magana a kan asusun.

Maganar tawa a kan shirin kiɗa ce, Top of the Pops, wanda nake roƙon a dawo da shi. Na san wasu 'yan uwa da za su karanta wannan za su ce, Malam, duk matsalolin duniya ka rasa wadda za ka ɗauka sai ta kiɗan Turawa? Su ɗan yi haƙuri su ji ni.

Daga gidana zuwa titin Dickenson a unguwar Rusholme tafiyar ƙafa ce. A can aka yi wani tsohon coci da BBC ta mayar ɗakin ɗaukar shirye-shirye, kuma daga cikinsa aka watsa Top of the Pops na farko ranar 1 ga Janairu, 1964. An rushe ginin a 1975, yanzu gidajen zama ne a wurin. In ka bi ta titin babu abin da zai sa ka tsaya. Wanda ya tsara shirin, Johnnie Stewart, makonni kaɗan aka ba shi na gwaji. Sai da abin ya shekara 42 yana fita kowane mako kafin ku rufe shi ranar 30 ga Yuli, 2006.

Dokar da Stewart ya kafa ce ta riƙe shi tsawon wannan lokaci, kuma doka ce da ko yaro zai gane. Jadawalin cinikin faifai na mako shi ne alƙali. Waƙar da take hawa a kira mai ita, wadda ta fara gangarowa a bar ta, wadda ta zo ta ɗaya kuwa ita ce za ta rufe shirin, ko da mai gabatarwa ba ya ƙaunar jin ta. Wato ainihin masu zaɓen baƙi su ne yaran da suka tara kuɗin kashewarsu suka je kanti ranar Asabar. Shi ya sa a rabin sa'a ɗaya sai ka ga dattijo da kwat yana rera waƙar soyayya a hankali, ana gamawa wasu samari masu gashi a tsaye su hau suna ihu, bayansu kuma ga 'yan Jamaika da nasu salon. Babu editan da zai zauna ya haɗa irin wannan gambiza da gangan. Kasuwa ce ta haɗa su, kuma kowa ya kalla. A shekarun 1970 mutum miliyan 15 ne ke zama gabansa daren Alhamis, a 1979 ma, lokacin da yajin aiki ya rufe tashar ITV, adadin ya wuce miliyan 19.

Ba na cewa komai na shirin gaskiya ne. Yawancin mawaƙan baki kawai suke motsawa faifai yana juyawa, abin da 'yan fim ɗinmu na Kano ke kira mamin. Ƙungiyar makaɗan Birtaniya ta tayar da ƙura a 1966 har aka hana, aka kafa wa shirin rukunin makaɗansa, daga baya aka sake komawa gidan jiya. Akwai ranar da aka saki faifan ƙungiyar All About Eve a 1988, mutanen gida suna jin waƙa, ita kuwa mawaƙiyar tana zaune a dandali ta yi tsit domin sautin bai iso mata ba. Idan mawaƙi ya ƙi zuwa ko yana wata ƙasa, sai a sa 'yan mata masu rawa su cike gurbin, Pan's People daga 1968, Legs & Co daga 1976. Wannan ɓangaren dai, in da a falona ne a wancan zamani, na san uwargida tashi za ta yi ta kashe akwatin, ni ma ba zan hana ta ba.

To me ya kai ni roƙon a dawo da abin da ni kaina nake da ja a kansa?

'Yar autata shekararta 15. Daga ta dawo makaranta abin ji yana toshe a kunnenta, waya a hannu, ƙofar ɗaki a rufe. Ban san abin da take ji ba. Ba ta ɓoye mini ba ne, babu dai inda za mu haɗu a kansa. Manhajar da ke zaɓa mata waƙa ta san abin da ta saurara jiya, sai ta ƙara mata irinsa yau, gobe ma haka. Yayanta da ke ɗaki na gaba nasa daban ne. Gida ɗaya, tukunya ɗaya, amma in ka tambaye su wace waƙa ce ta ɗaya a ƙasar nan a wannan makon, sai su kalli juna.

Wani daren Juma'a ina zaune ina kallon maimaicin tsofaffin shirye-shiryen da tasharku ta BBC Four ke sakawa tun 2011. Aka sako na 1984. Yarinyar ta fito ɗaukar ruwa a firij, sai ta tsaya da kofi a hannu tana kallon wata mata doguwa mai jan baki, gashi a ɗaure ta baya, tana waƙa ba tsalle ba hayaniya. Ta ce, "Baba, wace ce wannan?" Na ce Sade ce, a Ibadan aka haife ta. Ta cire abin kunnen guda ɗaya, ta zauna a hannun kujera. Waɗanda suka biyo baya ta yi musu dariya har da riƙe ciki, ta ce wandon wani kamar buhun gero. Uwarta ta leƙo daga kicin ta ce waccan rigar ba ta mutunci ba ce, yarinyar ta ce ai Mama ba ki ga na yanzu ba. Nan hira ta ɓarke, har ta buɗe wayar ta nuna mana na yanzun. Wasu na yi tsaki, ɗaya kuwa na ce a sake sa mini. Rabon da mu yi magana mai tsawo haka da ita a kan abin da take so, na manta.

Abin da shirin nan ya yi wa iyayen Birtaniya ke nan shekara arba'in ba tare da sun lura ba. Uba yana bayan jarida yana gunaguni, yana tambaya wannan namiji ne ko mace, kamar yadda aka yi a gidaje da yawa daren da mawaƙi David Bowie ya fito a watan Yulin 1972. Amma yana gunagunin ne a kan abin da idonsa ya gani, ɗansa kuma yana zaune a gefensa. Ni na fi son abin da zan gani in yi faɗa a kai da wanda ake zuba wa 'yata a kunne ina waje.

Za ka ce zamani ne ya kashe shi, tashar kiɗa ta MTV ta zo, intanet ta zo, YouTube ya buɗe a 2005. Gaskiya ne, amma ku ma kun sa hannu. A 1996 kuka ɗauke shi daga Alhamis kuka kai Juma'a, daga bisani ya zama yana karo da wasan kwaikwayon Coronation Street na ITV, wanda iyaye mata ba sa yarda a taɓa musu. Kuka sassauta dokar jadawali, aka fara cusa hirarraki da waƙoƙin da ba su ma fito kasuwa ba. A 2005 kuka tura shi BBC Two ranar Lahadi, da masu kallo suka ragu kuka ce ga shi nan, ba a so. An ɗaure akuya nesa da ciyawa, an dawo ana mamakin ramarta. Gwajin da kuka yi a 2017 da shirin kiɗa na Sounds Like Friday Night bai wuce zango biyu ba, kuma ban yi mamaki ba, domin wasu ne a ofis suke zaɓen baƙin. Shirin kiɗa na Jools Holland da ke gudana tun 1992 yana da kyau, sai dai na manya ne masu shan shayi da dare.

Kafin ka amsa roƙona akwai ramuka biyu a tarihin shirin nan da ya kamata mu tsaya a kansu.

Na farko na ganganci ne. Faifan bidiyo yana da tsada a wancan lokaci, sai gidanku ya riƙa shafe tsohon shiri yana ɗora sabo a kai, har zuwa ƙarshen shekarun 1970. Mafi yawan Top of the Pops na shekarun 1960 haka suka tafi, har da na ranar farko. Sau ɗaya tak mawaƙan ƙungiyar Beatles suka zo ɗakin shirin aka watsa su kai tsaye, ranar 16 ga Yuni, 1966, shi ma an shafe. Sai a 2019 wani guntu na daƙiƙa 11, marar sauti, ya ɓullo a hannun wani mai tara kayan tarihi a Meziko, wanda wani ya ɗauka da ƙaramar kyamara daga fuskar talabijin ɗin gidansu. Wani wasan Bowie na Janairun 1973 kuma a 2011 aka same shi wurin John Henshall, mai ɗaukar hoton da ya ajiye kwafinsa kusan shekara arba'in. Mu da muka fito daga inda faifan manyan makaɗanmu ke narkewa a ɗakunan ajiya saboda zafi da ƙura, mun ɗauka a nan ba a yin haka.

Rami na biyu ya fi zurfi, kuma a matsayina na uba shi ya fi ci mini rai. Mutumin da ya gabatar da shirin farko a Rusholme, wanda kuma kuka gayyato ya kashe fitilun ɗakin a shirin ƙarshe, shi ne Jimmy Savile. Ya mutu a Oktoban 2011 ana yi masa kirari, shekara guda bayan nan asirinsa ya tonu. Rahoton binciken da tsohuwar alƙaliya Dame Janet Smith ta fitar a Fabrairun 2016 ya gano mutum 72 da ya ci zarafinsu ta hanyar aikinsa da BBC, kuma kaso mafi girma a kewayen wannan shiri ne. Yara ne da aka cika ɗaki da su don su yi rawa gaban kyamara, babu mai lura da wanda ya ja su zuwa ina. Rahoton ya ce ƙananan ma'aikata sun ji, wasu sun gani, amma tsoron babban tauraro ya rufe musu baki.

Abin da kuke yi yanzu shi ne tsallake duk shirin da fuskarsa ta fito a maimaici. Na fahimci dalili, bai kamata wadda ya cuta ta kunna akwati ta gan shi yana murmushi ba. Amma 'yata ta kalli maimaicin nan ba ta san akwai abin da aka tsallake ba. Ni na gaya mata, kuma hirar ba ta yi daɗi ba. Da na so a ce gidanku ne ya fara faɗa, ko da rubutu ne na layi uku kafin shirin ya soma: ga makonnin da muka cire, ga dalili.

Yarjejeniyar da BBC ke aiki a ƙarƙashinta za ta ƙare a ƙarshen 2027, kuma kuna ta neman hujjar da za ku ba matasan da ba sa kallonku cewa su ma gidan nasu ne. Ga hujja a ɗakin ajiyarku. Rabin sa'a a mako, a BBC One, da farkon dare lokacin da iyali ke gida. A mayar wa jadawali alƙalancinsa. Tun 2014 ana lissafa sauraron intanet a cikinsa, kuma tun 2015 ranar Juma'a yake fita a tasharku ta Radio 1, don haka kayan aikin suna hannunku. Jadawalin yau ma ya fi na da faɗi. Waƙar da Wizkid ya yi da Drake ta yi mako 15 a matsayi na ɗaya a 2016, Burna Boy ya cika filin wasa na London Stadium a 2023, an kuma buɗe wa kiɗan Afrobeats jadawalinsa a 2020. Duk wannan ya faru babu wani dandalin mako-mako da maƙwabciyata Baturiya 'yar shekara saba'in za ta gan su a kai, ta tare ni a bakin ƙofa ta ce ashe mutanenku ne.

Sharaɗina ɗaya ne, kuma ba na sassauta shi. Duk yaron da zai shiga ɗakin nan a san wanda ya kawo shi da wanda zai mayar da shi gida. Kada wani mai gabatarwa, komai sunansa, ya keɓe da ɗan kowa. Ma'aikacin da ya ga abin da bai gamsu da shi ba ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa, kuma ya tabbata aikinsa ba zai tafi ba saboda ya yi magana. A rubuta wannan a fili inda iyaye za su karanta. In kun yi haka, ni da kaina zan raka 'yata layin shiga, in tsaya a waje cikin sanyin nan naku har a tashi.

Na gaya mata ina rubuta maka wasiƙa. Ta ce ba za ka amsa ba, wai manya ba sa karanta irin wannan. Mun yi da ita cewa in amsa ta zo, ita za ta wanke kwanuka mako guda.

Ka huta lafiya.

Naka,
Wani uba mai biyan lasisi,
Longsight, Mancesta