Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Ministan Ilimi: A Duba Malaman Da Ke Jagorantar Malamai

Mai girma Minista,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto maka wannan wasiƙa a bainar jama'a ne a kan wasu ma'aikata da ke ƙarƙashin ma'aikatarka, waɗanda da wuya a ji an ambace su a jawabin kasafin kuɗi ko wajen buɗe sabon gini. Su ne malaman da ke jagorantar 'yan uwansu malamai alhali su ma allin na hannunsu: shugaban sashen lissafi, shugabar sashen harsuna, babban malamin da ake damƙa wa sababbin ɗauka, malamar da ke tsara jadawali da jarrabawa, mataimakin shugaban makaranta mai kula da karatu. Ni ma ɗaya ne daga cikinsu, shi ya sa maganar take cina.

Ranka ya daɗe, ga yadda ake zama jagoran malamai a yawancin makarantu. Shugaban makaranta zai lura cewa wance ɗalibanta suna ci, ba ta makara, ba ta fashi. Sai ya kira ta ofis ya ce daga yau ke ce shugabar sashe. Ba a rage mata ko darasi guda daga jadawalinta ba. Ba wanda ya zaunar da ita ya nuna mata yadda ake shiga ajin abokin aiki a kalli darasinsa, a fito a gaya masa gaskiya ba tare da an ɓata ba. Ba takardar da ta fayyace iyakar ikonta. Washegari za ta tarar da tarin tsarin darussa na malamai suna jiran sa hannu, da sabon malami da ajinsa ya gagare shi, da tsohon malamin da ya girme ta a shekaru da aiki wanda yake ganin raini ne ta duba littafinsa. Iya koyar da yara abu ne daban, iya jan ragamar manya abu ne daban, kuma na biyun ba ya zuwa don kawai an iya na farkon. Koyonsa ake yi.

Ba don neman suna nake cewa wannan aiki yana da nauyi ba. A shekarar 2004, masu bincike daga jami'o'in Minnesota da Toronto, da tallafin Gidauniyar Wallace, sun tattara binciken da aka yi a kan makarantu, suka ce a cikin abubuwan da ke hannun makaranta, in aka cire koyarwar cikin aji, babu abin da ya kai jagoranci tasiri a kan karatun ɗalibi. A 2008 kuma Farfesa Viviane Robinson ta Jami'ar Auckland da abokan aikinta suka tambayi wane irin jagoranci ne ya fi amfani. Abin da ya zo kan gaba da tazara mai yawa shi ne shugaba ya tsaya a kan ƙarin ilimin malamansa, kuma ya zauna ya koya tare da su. To wa zai yi wannan? Rahoton UNESCO na sa ido kan ilimi a duniya, wanda aka ƙaddamar a birnin Fortaleza na Brazil ranar 31 ga Oktoba 2024, kacokan a kan jagoranci ya tsaya, kuma ya kawo wani bincike da aka yi a ƙasashe 14 masu matsakaicin arziki da ya nuna cewa kashi 68 cikin ɗari na lokacin shugabannin makarantu yana tafiya ne a harkokin ofis na yau da kullum. Mutumin da rajista da rahoto da taro suka cinye masa yini ba zai iya zama a bayan ajin kowane malami ba. Ko yana so, bai san kowane fanni ba. Wanda ya karanta tarihi ba zai gane inda malamin kimiyya ya karkace ba. Shi ya sa wancan rahoto ya nace a kan a raba jagoranci, kada a jibge shi a wuyan mutum guda. A makarantunmu an riga an raba aikin. Abin da ba a raba ba shi ne lokaci da horo da martaba.

Lokaci shi ne kan gaba, kuma a nan nake so in daɗe. Ba zai yiwu in kalli darasin wani malami ba in a daidai wannan sa'a ni ma ina da aji. Wannan lissafi ne mai sauƙi, amma shi ne yake kashe kusan duk wani shiri na inganta koyarwa. Abin da ke faruwa shi ne jagoranci ya koma sa hannu. Malami zai kawo tsarin darasi a rubuce da kyau, a duba kwanan wata, a buga hatimi, a mayar masa. Ko ya koyar da abin da ya rubuta, ko yaran sun gane, ko rabin ajin barci suke, babu wanda ya gani. Sufeto in ya zo, takardun zai duba ya tarar sun cika, ya rubuta cewa komai lafiya. Duk mun san ba a takarda karatu yake ba.

Ƙasashen da suka ɗauki abin da gaske daga jadawali suka fara. A Ingila, tun daga Satumba 2021, sabon malami yana shafe shekara biyu a ƙarƙashin kulawa. Ana rage masa kashi 10 cikin ɗari na darussansa a shekarar farko, kashi 5 a ta biyu, a haɗa shi da gogaggen malami wanda shi ma aka horar da shi a kan wannan aiki. A Shanghai, malaman fanni guda suna da zama na dindindin a cikin lokacin aiki, inda suke tsara darasi tare, su shiga ajin juna, su dawo su tattauna. Japan ta fi shekara ɗari tana irin wannan: malamai su haɗu su shirya darasi ɗaya, ɗayansu ya koyar, sauran su tsaya suna lura da ɗalibai, ba da malamin kaɗai ba, sannan a zauna a gyara. Kada a ce sai mai arziki ke iyawa. Zambiya ta ɗauko wannan tsari tun 2005 da taimakon hukumar JICA ta Japan, kuma babban abin da yake ci shi ne sa'o'i da aka keɓe da kuma malami guda da ya san yadda ake jan zaman.

Na san amsar da za a ba ka a ofis: malamai ba su isa ba, in an rage wa wani darasi wa zai ɗauka? Tambaya ce ta gaskiya, ban raina ta ba. UNESCO ta ƙiyasta a 2024 cewa duniya na bukatar ƙarin malamai miliyan 44 kafin 2030, miliyan 15 daga ciki a Afirka kudu da Sahara. Amma a duba inda giɓin yake fitowa. Hukumar ta nuna cewa yawan malaman firamare da ke barin aiki a duniya ya tashi daga kusan kashi 4.6 cikin ɗari a 2015 zuwa sama da kashi 9 a 2022, kuma mafi yawan malaman da ake nema don cike gurbin waɗanda suka tafi ne. Ɗaukar sababbi ba tare da riƙe na hannu ba zuba ruwa ne a kwando. Kuma shekarun farko su ne suka fi hatsari. Matashin da aka jefa aji mai cunkoso, babu mai leƙa shi, babu wanda zai gaya wa cewa darasin yau ya watse ba tare da tsoron a rubuta shi ba, shi ne wanda zai fara neman wani aiki kafin shekara ta zagayo. Ko a ƙasashe masu hali na ƙungiyar OECD, binciken TALIS na 2018 a kan malamai ya gano cewa kashi 22 cikin ɗari ne kawai na sababbin malamai suke da wanda aka ɗora wa alhakin kula da su. Darussa uku ko huɗu da za a sauke wa babban malami a mako domin ya riƙe hannun matasa biyu, in suka sa matasan suka zauna a aikin, an ci riba.

Sai maganar ƙarin girma, wadda ita ce ta fi ba ni takaici. A tsarin da muka saba, hanya ɗaya ce tak ta hawa sama: a bar aji. Malami in ya ƙware, ladansa shi ne a ba shi ofis, daga nan a kai shi hedikwata. Wato duk wanda ya fi iya koyarwa shi ake fara raba shi da ɗalibai. Wanda kuma ya ce shi koyarwa yake so, zai tsufa a mataki guda yana kallon waɗanda ya horar suna wuce shi. Singafo ta warware wannan da buɗe hanyoyi uku: ta shugabanci ga mai son riƙe makaranta, ta ƙwarewa ga mai son bincike da tsara manhaja, da ta koyarwa, inda malami zai hau daga babban malami har zuwa gwanin malamai, albashinsa da darajarsa suna tashi, yana nan a cikin aji yana horar da na baya. Kowane malami a can kuma yana da haƙƙin sa'o'i 100 na ƙarin ilimi a shekara. Ba na cewa a kwafo tsarinsu sukutum. Ina cewa a buɗe mataki a tsarin aiki wanda za a kai shi ta hanyar nuna ƙwarewa a aji da iya ɗaga wasu, a bayyana sharuɗɗansa ga kowa, a cire shi daga son ran shugaban makaranta, domin muƙamin da aka bayar da baki da baki ake ƙwace shi.

Horo kuwa, ina roƙon a sake duba bitar kwana biyu a babban zaure. Ana tara ɗaruruwan malamai, a yi musu lacca, a raba takardar shaida, a ce su koma su koyar da sauran. Kafin saƙon ya sauka daga wanda aka horar zuwa wanda ya horar zuwa malamin aji, ya zama wani abu dabam. Abin da jagoran malamai yake bukata na hannu ne: yadda zai karanta sakamakon jarrabawa ya gano wane babi ne yara suka faɗi, yadda zai jagoranci zaman sashe da ba zai ƙare a sanarwa da ƙorafi ba, yadda zai yi wa wanda ya girme shi gyara cikin mutunci. Irin wannan sai a hankali, a cikin makaranta, da wani gogagge da zai riƙa dawowa. Shirin Tusome na Kenya, da aka fara a 2015 don gyara karatun yara 'yan azuzuwan farko, bai tsaya a bita ba. Jami'ai ne suka riƙa zagayawa aji aji da kwamfutar hannu, su kalli darasi, su tattauna da malami nan take.

Akwai kuma abin da ya fi duk waɗannan arha, amma aka yi sakaci da shi: labari. Sau da yawa shugaban sashe a rediyo ko a WhatsApp yake fara jin an canza manhaja ko tsarin jarrabawa, a hoton takardar da ba a san ko ta gaskiya ce ba. Malamai za su zo su tambaye shi, iyaye su tambaye shi, shi kuma bai fi su sani ba. Takardar ma'aikata in ta iso, ta bi ofis ofis har zango ya yi nisa, kuma umarni ne zalla, babu bayanin dalili, babu misalin yadda za a aiwatar a aji. Wannan yana zubar da ƙimar jagora a idon waɗanda yake jagoranta. Ma'aikatarka tana iya fitar da mujalla ƙarama a kowane wata, a waya da a takarda, mai zuwa kai tsaye ga waɗannan malamai: me ya canza, me ya sa, yaushe zai fara aiki, wace dama ta karatu ta buɗe, wa za a tuntuɓa. A bar fili a ciki ga malaman su rubuta abin da suka gwada ya yi aiki. Malamin da ya gano hanyar koyar da kason lamba ga yaran da suka kasa ganewa, ilimin nan bai kamata ya tsaya a makarantarsa ba, kuma ya yi ritaya da shi.

Labarin ma ya riƙa hawa, ba sauka kaɗai ba. Kafin a sa hannu a kan sabuwar manhaja, a kira waɗanda za su tsaya a gaban malamai su kare ta. Wannan ba sabuwar bukata ba ce. Shawarar da UNESCO da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya suka amince da ita a kan matsayin malamai ranar 5 ga Oktoba 1966, ranar da ake tunawa da ita a matsayin Ranar Malamai ta Duniya tun 1994, ta ce a sa malamai da ƙungiyoyinsu a cikin tsara manhaja da littattafai, a ba su ƙarin horo kyauta a bakin aiki, kuma a yi la'akari da sauran ayyukansu wajen ƙayyade sa'o'in koyarwa.

Mai girma Minista, na san sabon mataki a tsarin albashi sai ya bi ta wasu hukumomi, kuma zai ɗauki lokaci. Amma jadawali yana hannunka. Kafin a buɗe sabuwar shekarar karatu, ina roƙon ka fitar da umarni cewa duk malamin da aka ba shugabancin sashe ko kula da sababbin malamai a ba shi takardar naɗi mai fayyace aikinsa, a rage masa darussa, kuma a sa sa'a guda a kowane mako a cikin jadawalin makaranta domin zaman malaman fanni guda. Sufetoci in sun zo, su tambayi wannan sa'a kamar yadda suke tambayar rajista, su zauna a cikinta su ji abin da ake tattaunawa.

Allah ya yi maka jagora.

Naka,
Wani malami, shugaban sashe